Gwajin aldos ridaktes da tataccen tsirrai: sakamako na wuce kashi 100, ina matsalar take?

Ɗalibar Biyokemistiri:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina aikin digiri na biyu a kan tsirran da masu maganin gargajiya ke bai wa masu ciwon suga. Abin da nake son dubawa shi ne ko suna daƙile aldos ridaktes, wani enzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki), wanda ake dangantawa da yanar ido da lalacewar jijiyoyin ƙafa. Tsirrai biyar nake da su: 'ya'yan bagaruwa, ɓawon marke, ganyen lalle, ganyen zogale da zoɓo. Na jiƙa garin kowanne a mitanol mai ƙarfin kashi 80, na tace, na busar.

Enzayim ɗin daga lens ɗin idon ɓeran Wistar nake samo shi. A kyubet (ɗan mazubin da ake sawa a na'urar auna haske) na mililita 1 ina zuba bafa (ruwan da ke tsayar da ƙarfin tsami) na fosfet mai pH 6.2, da NADPH (sinadarin da enzayim ɗin ke cinyewa yayin aiki), da ruwan lens, da tatacce a mikrogiram 500 a kowace mililita, sai gilisaraldihaid, wanda enzayim ɗin ke aiki a kansa, in karanta hasken da aka shanye a nanomita 340 na minti uku.

Bagaruwa da marke suna ba ni daƙilewa ta kashi 104 zuwa 112. Lalle kuwa ƙasa da sifili yake ba ni, kamar ma ƙara wa enzayim ɗin sauri yake yi. Zoɓo yau ya ba da 60, gobe 20. Kwantirol ɗin kansa, wato gwajin da babu tatacce a ciki, kullum ƙara rauni yake. Ina matsalar take? Kuma an ba ni shawarar in ƙara gwajin alfa-gulukosides, shin ya shiga cikin batun illolin ciwon suga ko daban yake?

Malamin Lab:

Wa alaikumus salam Malama. Duk abubuwa huɗun da kika lissafa suna da bayani, kuma uku daga ciki tushensu ɗaya: na'urar ba enzayim take gani ba, haske kawai take aunawa a 340. Enzayim na cin NADPH, NADPH na shanye haske a 340, don haka adadin na sauka. Duk wani abu da zai ɗaga adadin ko ya saukar da shi, ko da babu ruwansa da aldos ridaktes, lissafinki zai ɗauke shi a matsayin daƙilewa ko ƙarin sauri.

Bagaruwa da marke cike suke da tanin. Da bagaruwar nan majema ke jeme fata, saboda tanin ɗinta na kama furotin ya daskarar da shi. Ruwan lens kuwa kusan duk furotin ne. Da kin haɗa su a kyubet, ruwan zai fara gurɓata a hankali, ko da idonki bai gani ba, gurɓatar na watsa haske, adadin na hawa maimakon sauka. Idan adadi ya hau, lissafi dole ya wuce 100. Ki karanta kyubet ɗin a nanomita 700, inda babu abin da ya kamata ya shanye haske. In kika ga adadi na hawa a can, to laka ce ke taruwa.

Lalle yana ɗauke da sinadaran kwinon, mafi shahara shi ne lawson mai ba da launin. Ɗanyen ruwan lens ba aldos ridaktes kaɗai ke ciki ba, akwai wasu enzayim da ke cin NADPH idan suka samu kwinon ko wani aldihaid daga tataccen. Mafi kusa wannan ne ke ƙara miki saurin saukar. Ki cire gilisaraldihaid ki maimaita. In adadin ya ci gaba da sauka, kin kama shi.

Zoɓo kuma launinsa antosayanin ne, ba ya zama lafiya a pH 6. Yana rikiɗewa sannu a hankali zuwa wani siffa da ke shanye haske daidai wajen 340. Saboda haka sakamakon ya dogara da tsawon lokacin da tataccen ya zauna a bafa kafin ki fara karantawa. Yana kuma da tsami, don haka ki duba pH bayan kin zuba shi, kada ki ɗauka yana nan a 6.2.

Ga yadda zan so ki haɗa kyubet ɗin, jimla mililita 1:

- bafa na fosfet mola 0.1, pH 6.2: mililita 0.49
- litiyam salfet mola 2: mililita 0.2
- NADPH milimola 1.5: mililita 0.1
- ruwan lens: mililita 0.1
- tatacce a cikin DMSO (ruwan sinadarin da ake narkar da shi): mikrolita 10
- gilisaraldihaid milimola 100: mililita 0.1, shi ne na ƙarshe

Ki bar komai ya zauna minti uku zuwa biyar kafin ki zuba gilisaraldihaid, sannan ki rufe da parafilm ki juya sau biyu, ki riƙa ɗaukar adadi duk daƙiƙa 30. Salfet ɗin yana ƙara wa aldos ridaktes kuzari, tun aikin Hayman da Kinoshita na 1965 ake sa shi. DMSO kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na jimlar, kuma a sa shi daidai wannan adadin a kwantirol.

Kowane ƙarfi na tatacce yana buƙatar kyubet biyar. Na farko, komai da komai amma DMSO zalla a madadin tatacce. Na biyu, irin na farko babu gilisaraldihaid. Na uku, komai da tatacce. Na huɗu, irin na uku babu gilisaraldihaid. Na biyar, irin na uku babu ruwan lens, don a ga ko tataccen da kansa yana lalata NADPH. Saurin gaskiya na kwantirol shi ne na farko a cire na biyu; na tatacce shi ne na uku a cire na huɗu. Ki raba na tatacce da na kwantirol, ki cire daga 1, ki ninka da 100. Idan na biyar yana motsi sosai, wannan tataccen bai dace da wannan hanyar ba gaba ɗaya.

Sannan 500 ya yi yawa. NADPH milimola 0.15 shi kaɗai yana ba da kusan 0.93 a kyubet mai faɗin santimita 1, tunda kowace milimola tana ba da 6.22. Filabonoyid na zogale da sauransu suna shanye haske sosai tsakanin 330 da 370. Ki ɗora hasken da tatacce mai ƙarfin 500 ke shanyewa a kan 0.93, sai ki ga kin haura 2, inda yawancin na'urorinmu ba sa faɗin gaskiya: haske kaɗan ne ke isa ga ma'aunin, saukar sai ta yi kamar ta ragu, ki ɗauka daƙilewa ce. Ki fara da 100 ko ƙasa, ki tabbata adadin farko bai wuce 1.5 ba.

Raunin kwantirol kuwa, ki fara zargin NADPH. Ba ya son tsami, ba ya son fosfet, ba ya son zafi. Wanda ya narka shi a bafan pH 6.2 ya ajiye, washegari rabinsa ya tafi. Ki narka miligiram 6.3 a mililita 5 na Tris milimola 10 mai pH 8, ki ajiye a kan ƙanƙara cikin kwalba da aka naɗe da takardar alminiyam, ki haɗa sabo kowace rana. Ki auna shi a 260 da 340. In kika raba na farko da na biyu ya kamata ya zo kusa da 2.3, in ya doshi 3 ya lalace. Gilisaraldihaid kuma akasin haka ne, miligiram 9 a mililita 1 na ruwa, a haɗa shi tun daren jiya a sa a firji, don garin yana zuwa ne a manne bibbiyu, yana ɗaukar lokaci kafin ya warware. Enzayim ɗin ki raba shi a ƙananan bututu, kowanne na aikin yini ɗaya, wanda aka narkar kada ya koma firiza.

Batun tanin, ki ratsa tataccen ta garin PVPP, wani sinadari mai kama tanin, ki sake gwadawa. In ƙarfin ya ɓace, ki ajiye wannan tsiron ki wuce gaba.

Mai Binciken Magungunan Tsirrai:

Malam ya gama magana a kan kyubet, amma jumlarsa ta ƙarshe ina da ja a kanta. PVPP ba tanin kaɗai yake kamawa ba. Yana kama kwasetin (wani filabonoyid na tsirrai, wanda ake kwatanta ƙarfin tatacce da shi) da 'yan'uwansa, musamman waɗanda ba su da suga a jikinsu, kuma su ne aka fi sani da daƙile aldos ridaktes a cikin tsirrai. Haka ma poliyamaid. Saboda haka in ƙarfi ya ɓace bayan PVPP, abin da aka tabbatar kawai shi ne ƙarfin na cikin dangin finol. Za a iya zubar da tsiro mai amfani a kan wannan.

Ƙanwata, hanyoyin da suka fi rarrabewa su ne waɗannan. Ki haɗa jelatin kashi 1 da gishiri kashi 10, ki ɗiga a kan tataccen; in ya yi farar laka, akwai tanin. Gwajin ferik kulorayid da ake yawan rubutawa a tebur ba ya rarrabe tanin da sauran finol, duka suna canza launi. Daga nan ki sa BSA, wato furotin na jinin shanu, kamar miligiram 0.5 a kowace mililita, a cikin bafan ki sake auna ƙarfin. Tanin zai koma kan BSA, ƙarfinsa ya faɗi warwas, yayin da mai daƙilewa na gaskiya raguwarsa ba ta kai haka ba. Sai kuma Triton X-100 kashi 0.01 cikin 100. Wasu sinadarai, har da kwasetin kansa idan ya yi yawa, suna dunƙulewa su zama ƙananan ƙwayoyi da ke manne wa kowane enzayim. Ɗan sabulun nan yana wargaza su. Abin da ya daƙile enzayim babu Triton, ya kasa da Triton, dunƙulewa ce.

Amma a ganina gyaran ya kamata ya fara tun daga tacewa. Ɗanyen tataccen mitanol tarkace ne: kitse, koren ganye, suga, tanin, gishiri. Ki ɗauki giram 10 na busasshen tataccen, ki dama a mililita 100 na ruwa, ki zuba a mazurarin rabewa. Ki wanke da heksen mililita 100 sau uku, wannan zai kwashe kitse da yawancin koren ganyen. Sai itail asitet sau uku, sai butanol da aka riga aka ƙosar da ruwa sau uku, abin da ya rage shi ne kason ruwa. Filabonoyid marasa suga sun fi taruwa a itail asitet, masu suga a butanol, manyan tanin kuma sun fi zama a butanol da ruwa, ko da yake na bagaruwa wasunsu na bin itail asitet. In ruwan biyu suka ƙi rabuwa suka yi kumfa a tsakiya, kada ki girgiza da ƙarfi, ki riƙa juya mazurarin a hankali, ko ki zuba ɗan gishiri. Busarwa kada ta wuce digiri 40 zuwa 45. Butanol ba ya tashi da sauƙi a wannan zafin, sai an ƙara masa ruwa kaɗan-kaɗan a na'urar busarwa mai juyawa. Kuma ki rubuta nauyin kowane kaso, don kaso mai ƙarfi da ya fito miligiram 20 daga kilo guda labarinsa daban da wanda ya fito giram 5.

Wani abu da ake yawan tsallakewa: mai magani ba mitanol yake amfani da shi ba. Jiƙo yake bayarwa ko dafaffe. Idan manufar aikin ita ce a duba abin da mutane ke sha, dole a samu tataccen ruwa da aka yi yadda yake yi, a tambaye shi wane ɓangare, nawa, a tafasa na tsawon wane lokaci, ko ana sa kanwa. Kanwa na canza pH, kuma finol da yawa suna lalacewa a cikinta, don haka wannan tambayar ba ƙarama ba ce. Tataccen ruwa yana saurin yin fumfuna. In babu na'urar busarwa ta sanyi, a shimfiɗa shi siriri a faranti a tanda mai digiri 40.

Sannan ki kai samfurin kowane tsiro, da ganye da fure ko 'ya'ya, wurin adana tsirrai na sashen ilmin tsirrai, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na Bayero a Kano, a tantance a ba ki lamba. Garin ɓawo da aka saya a kasuwa ba a iya tantance shi da ido, kuma suna ɗaya na Hausa kan hau tsirrai biyu daga gari zuwa gari. Ki rubuta watan da aka ɗebo da wurin, don ganyen damina da na rani ba ɗaya suke ba wajen yawan finol.

Malamin Lab:

Na karɓi gyaran Malam a kan PVPP, haka ne. In za a yi amfani da shi, a ratsa kwasetin zalla ta cikinsa a gefe don a ga nawa yake ɓacewa.

Likitan Ciwon Suga:

Bari in ɗauki tambayarki ta biyu, don ita ce za ta tsara yadda za ki rubuta aikin.

Alfa-gulukosides da alfa-amiles a hanji suke aiki, suna farfasa sitaci zuwa gulukos. Daƙile su na rage hawan suga bayan cin abinci, aikin da maganin acarbose ke yi. Wannan batun sarrafa suga ne. Aldos ridaktes kuwa a cikin ƙwayoyin da gulukos ke shiga ba tare da jiran insulin ba yake ɓarna: lens, jijiyoyi, bayan ido, ƙoda. Idan suga ya yi yawa, yana mayar da gulukos sobitol yana cin NADPH, sannan wani enzayim ya mayar da sobitol furaktos. Sobitol ba ya fita daga ƙwaya da sauƙi, yana jawo ruwa, zaren lens ya kumbura ya yi fari. NADPH ɗin da aka cinye kuma shi ake buƙata wajen sabunta gulutatayon, mai kare ƙwaya daga lalacewa. To in taken aikinki illolin ciwon suga ne, alfa-gulukosides ƙari ne a gefe. Abin da ya fi kusa da taken shi ne gwajin mannewar suga da furotin: BSA da furaktos ko gulukos a digiri 37 na mako ɗaya ko fiye, da sodiyam azayid kashi 0.02 don hana ƙwayoyin cuta, a auna ƙyalli (a haska a nanomita 370, a karanta a 440), a gwada da aminoguwanidin. Shi ba enzayim ba ne, kuma yana da nasa tarkon, tatacce mai launi na shanye ƙyallin ya yi kamar ya hana.

In har za ki yi alfa-gulukosides ɗin, ki san cewa wanda ake sayarwa da araha na yis ne, kuma acarbose ba shi da ƙarfi a kansa. Shi ya sa takardu da yawa ke cewa tsiro kaza ya fi acarbose. Da enzayim ɗin hanjin ɓera aka gwada, da maltos ko sukuros, sau da yawa labarin juyawa yake.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a matsayin mai ganin marasa lafiya. Masu daƙile aldos ridaktes an daɗe ana neman su, kuma tarihinsu ba mai daɗi ba ne. Sorbinil ya yi kyau ƙwarai a ɓeraye, a mutane amfaninsa bai taka kara ya karya ba, ga kuma borin jiki da ya jawo wa wasu. Tolrestat an sayar da shi a wasu ƙasashe, aka janye shi a shekarun 1990 saboda illa ga hanta. Epalrestat ne ya tsaya, an amince da shi a Japan a 1992 don lalacewar jijiyoyi, ana kuma amfani da shi a Indiya da Sin. Waɗannan sinadarai ne zalla masu ƙarfin gaske, sun fi kowane ɗanyen tatacce nesa ba kusa ba, duk da haka ga inda suka ƙare.

Ɗaya daga cikin dalilan da ake kawowa shi ne rashin zaɓe. Aldos ridaktes yana da ɗan'uwa na kusa, aldihaid ridaktes, wanda ya fi yawa a ƙoda da hanta, aikinsa kawar da aldihaid masu guba. Abin da ya daƙile su biyun daidai wa daida zai iya zama matsala. Gilisaraldihaid kuwa dukkansu suna cin sa. Saboda haka ki ɗauki ƙodar ɓerayen da kika cire wa lens, ki haɗa ruwanta, ki gwada da sodiyam gulukuronet milimola 20 a pH 7.2. Ki raba IC50 (ƙarfin tataccen da ke rage aikin enzayim da rabi) na ƙoda da na lens. Kason da ya ba da babban adadi shi ya cancanci a bi.

Bayan kyubet, matakin da ya fi araha shi ne jajayen ƙwayoyin jini. A wanke su da ruwan gishiri kashi 0.9, a ajiye a gulukos milimola 30 a digiri 37 na awa uku, da tatacce da babu, a auna sobitol ɗin da ya taru. Wannan yana nuna ko sinadarin na iya ratsa fatar ƙwaya. Daga nan sai dabba: ƙananan ɓerayen Wistar a kan abinci mai galaktos kashi 30 suna yin yanar ido cikin 'yan makonni, saboda galaktitol ba ya wucewa gaba kamar sobitol, taruwa kawai yake. Kada a yi wannan da ƙaramin jinsin ɓeran nan da ake kira mouse a Turance, lens ɗinsa ba shi da aldos ridaktes sosai, ba ya yin yanar ta wannan hanya. Duk wannan sai da izinin kwamitin ɗa'a, da gwajin guba tukuna. Kwasetin da aka sha ma, yawancinsa hanji da hanta sun canza shi kafin ya kai jini, abin da ke isa jijiyar ƙafa ba shi ne abin da kika zuba a kyubet ba.

Don Allah a rubutun ƙarshe kada a ce tsiron yana maganin illolin ciwon suga. Irin wannan jumlar kan fita daga jami'a ta isa rediyo da Facebook, mai ciwo ya ajiye metformin ko insulin ɗinsa, mu gan shi bayan watanni da gyambon ƙafa. A ce ya daƙile enzayim a kyubet a ƙarfi kaza, iyakar abin da aka gani ke nan.

Ɗalibar Biyokemistiri:

Na gode ƙwarai malamaina, Allah ya ƙara ilmi. Saura biyu. Da kyubet biyar ga kowane ƙarfi, lens ɗin ɓera ba zai ishe ni ba; zan iya amfani da idon shanu daga mayanka? Kuma yaya zan fitar da IC50 yadda ya dace? A yanzu layi miƙaƙƙe nake ja a Excel.

Malamin Lab:

Za ki iya. Aikin 1965 ɗin ma da lens ɗin maraƙi aka yi shi. Lens ɗin saniya ya kai kusan giram 2, na ɓera kuwa 'yan miligiram goma-goma ne, sai dai na ɓera ya fi ƙarfin enzayim a kowane miligiram na furotin. Ki je da sassafe da kula cike da ƙanƙara, a ba ki idon da zarar an yanka, ki cire lens cikin awa biyu. Ki yanka ƙwayar idon ta baya, ki ture ruwan kaurin nan, lens zai fito. Ki ɗauraye da ruwan gishiri mai sanyi, wanda ya yi fari ko gajimare ki yar. Enzayim ɗin ya fi yawa a fatar waje da sashe mai laushi, tsakiyar mai tauri kusan furotin ne kawai da zai gurɓata miki ruwa, ki cire ta. Idon akuya ko tunkiya ma ya yi. Na raƙumi ne ba na so, lens ɗinsa cike yake da wani furotin, zita-kiristalin, mai cin NADPH idan ya samu kwinon, wato matsalar lalle ninki-ba-ninki. Kuma jinsi ɗaya za ki riƙe daga farko har ƙarshe, kada a gwada IC50 na saniya da na ɓera.

Ki niƙa giram 1 a mililita 9 na bafan fosfet mai pH 7 zuwa 7.4, mai sanyi, da makaptoyitanol milimola 5. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don akwai amino asid ɗin nan sistein a bakin enzayim ɗin da in iska ta taɓa shi, enzayim zai ci gaba da aiki amma ya rage jin wasu masu daƙilewa. Ki juya a sentirifuj a 10,000 g na minti 20 zuwa 30 a digiri 4, ki ɗebi ruwan sama. Da na saniya ya fi kyau a ƙara mataki: amoniyam salfet zuwa kashi 40, wato kusan giram 23 a mililita 100 a kan ƙanƙara, ana barbaɗawa a hankali ana motsawa, a juya a zubar da lakar, sai a kai ruwan zuwa kashi 75, a ɗauki lakar wannan karon, a narka, a yi dayalisis dare ɗaya. Ki auna furotin da hanyar Bradford ko Lowry. Ki daidaita yawan enzayim har kwantirol ya riƙa sauka 0.02 zuwa 0.05 a minti, a miƙe har minti uku. Misali saukar 0.031 a minti, a raba da 6.22, ya zama nanomol 5 na NADPH a minti. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, ki saka bututun cikin kwanon ruwa da ya daskare a can ƙasan firiza, ya fi jure awannin duhu. Zafin ɗaki ma na canza sauri, na hunturu daban da na bazara, don haka kwantirol da kwasetin a maimaita su a kowane zama, kuma a kunna na'ura minti 30 kafin a fara.

In kuna da na'urar karanta faranti mai rijiya 96 da ke kai 340, mikrolita 200 a kowace rijiya zai rage miki kayan aiki sau biyar. Zurfin ruwan bai kai santimita 1 ba, kusan 0.6 ne, don haka adadin zai yi ƙasa. Kashi-cikin-ɗari ba ya canzawa, amma lissafin nanomol sai an gyara.

IC50 ba a fitar da shi da layi miƙaƙƙe, lanƙwasa ce mai siffar S. Ki yi ƙarfi shida ko bakwai, misali mikrogiram 1, 3, 10, 30, 60, 100 da 200 a kowace mililita, kowanne sau uku, a maimaita a ranaku uku daban. Ki sa logaritim na ƙarfin a ƙasa, ki yi amfani da lissafin lanƙwasa mai sigogi huɗu a GraphPad Prism, ko a R wanda kyauta ne. Ana son aƙalla maki biyu sama da kashi 50 da biyu ƙasa. Tataccen da bai kai 50 ba a ƙarfi mafi girma, ki rubuta IC50 ɗinsa ya fi 200, kada ki ƙirƙiro adadi daga wajen abin da kika auna. Ki duba gangaren ma: in ya wuce 2, wato daƙilewar ta yi tsalle daga kusan sifili zuwa kusan 100 tsakanin ƙarfi biyu, ki koma kan gwajin BSA da Triton. Wajen kwatantawa ki tuna mikrogiram 1 na kwasetin a mililita daidai yake da mikromola 3.3, kuma ɗanyen tataccen da IC50 ɗinsa ya haura 100 ni ba na ɓata kayan aiki wajen rarraba shi.

Lalle da zoɓo, in adadin kyubet ɗinsu na huɗu ko na biyar ya ci gaba da motsi, akwai hanyar ƙyalli: NADPH milimola 0.03, a bar shi minti 10 a digiri 37, a tsayar da mililita 0.3 na HCl mola 0.5 wanda ke lalata sauran NADPH, sai mililita 1 na NaOH mola 6 mai imidazol milimola 10, a ɗumama a digiri 60 na minti 10, a auna a 360 da 460. Tana auna NADP ɗin da aka samar ne. Kafin ki dogara da ita ki haska tataccen da fitilar UV mai 365, don tsirrai masu kumarin suna ƙyalli shuɗi daidai wannan wurin.